Ranar da Na-Sani Ya Goge wa Sajan Baki

Shekara goma sha ɗaya ke nan shagona yana manne da shagon Na-Sani. Ni tela ne, shi mai aski, kuma falankin katako ne kawai ya raba mu, saboda haka duk cika bakin da ya yi a shekarun nan a kunnena ya sauka. Ba iyayensa suka sa masa wannan suna ba, mu ne, don ba ka isa ka kai ƙarshen magana a gabansa ba. Ka ce, "Jiya a hanyar asibiti..." sai ya ce, "Na sani." Ka ce, "Keken ɗinkina ya..." ya ce, "Na sani." Wata rana Mai Faci, maƙwabcinmu mai liƙin taya, ya fara cewa, "Ai matata tana da..." ya ce, "Na sani." Mu huɗu muka raba su ranar.

Mutum ne mai dokoki. Ba ya shan ruwan sanyi, wai yana daskarar da ƙwaƙwalwa. Ba ya tauna sai ta gefen dama, wai hagu ta yi kusa da zuciya, bai kamata a dame ta ba. Kullum akwai kanumfari a kuncinsa, in kuma zai sunkuya a kan mutum da almakashi sai ya ɗaura takunkumi, ya ce haka ƙwararru ke yi. Mu dai muna ji, muna abin da ke gabanmu.

Surukinsa, Baba Direba, ya yi shekara arba'in yana jan babbar mota kafin ciwon suga ya tafi da idanunsa. Matarsa ta rasu, abin da ya rage masa a duniya biyu ne: 'yarsa Malama, wadda ke auren Na-Sani tana koyarwa a firamare, sai Sajan, wani tsohon jan kare mai furfura a haɓa da ya tsinta a garejin motoci tun yana ɗan kwikwiyo. Kowace safiya Baba zai riƙe igiya, Sajan ya shige gaba, su bi ta layinmu har bencin mai jarida inda tsofaffi ke zama ana karanta musu labarai. Sajan ya san inda murfin kwalbati ya fashe, ya san inda ake tsayawa mota ta wuce. Ranar da babu Sajan, Baba ba ya wuce bakin ƙofarsa.

To sai Sajan ya fara ƙin abinci. Ya shinshina kwano, ya ɗauki loma, ya sake ta, ya koma gefe ya kwanta yana dalalar da miyau. Bakinsa kuwa, in ya yi hamma a tsakar gida sai ka ji a bakin titi. Malama ta kai shi asibitin dabbobi da ke bayan layinmu. Likitar ta duba ta ce datti ya daskare a gindin haƙoransa, dasashi ya kumbura, kuma akwai turmi can ciki da ba ta yarda da shi ba. Ta ce a kawo shi ranar Talata ƙarfe goma, cikinsa babu komai, za ta gwada jininsa, ta yi masa allurar barci, ta wanke har ƙarƙashin dasashi. Ranar Talatar kuwa ɗaliban Malama na jarrabawa, ba ta da halin fita. Haka aka yi, karo na farko cikin shekara tara da aure, Baba ya miƙa wa Na-Sani igiyar Sajan.

"Ɗan nan," in ji Baba, "idona ne na ba ka. Ka kai shi, ka zauna har ya farka, ka dawo mini da shi."

"Na sani, Baba."

"Allurar barcin nan nake tsoro. Ya tsufa."

"Na sani."

Da Baba ya san abin da maganar nan za ta haifa, da ya haɗiye abarsa.

Tara da rabi ina ɗinka wuyan riga sai na ji ana buga ƙusa. Na leƙo, na ga Sajan ɗaure a ƙafar benci, Na-Sani kuma a kan kujera yana kafa kwali a saman ƙofarsa. Ya rubuta da jan fenti: ANA WANKE HAƘORAN KARNUKA DA KYANWOYI. BA ALLURA, BA BARCI, BA KUKA.

Na ce, "Na-Sani, wannan ba karen Baba ba ne?"

"Shi ne. Mai sa'a ne, shi zai buɗe mini sabon sashe."

"Ba asibiti aka ce ka kai shi ba?"

"Tela, tsaya ka ji. Me likitar nan za ta yi? Buroshi ne da ruwa. To don me za a sumar da dattijon kare a kan buroshi da ruwa? Don ba su iya lallashi ba ne. Ni shekara ashirin ina riƙe kawunan mutane. Na yi wa yaro mai cizo aski, na yi wa ɗan dambe, na yi wa alƙali, babu wanda na yi wa allura."

"Waɗannan duk suna jin magana."

"Alƙalin ba ya ji."

"Ta ce har ƙarƙashin dasashi za ta wanke."

"Me ke ƙarƙashin dasashi? Wa ke gani? Kai in ka ɗinka riga, cikin aljihu kake yi wa ado?" Ya diro daga kujera yana karkaɗe hannu. "Kafin azahar zan mayar wa Baba karensa ido biyu, yana murmushi. Gobe layi ya kai bakin titi. Nan da wata shida in daina askin mutane gaba ɗaya, don shi kare ba ya dawowa ya ce an rage masa gaba da yawa."

Na ce masa ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ya ce ya sani. Daga nan ya roƙe ni ƙyallen da zai yafa wa Sajan, don nasa na mutane ya yi yawa, ni kuma na yanko masa ragowar wani yadi ruwan ɗorawa mai furanni. Laifina a labarin nan ke nan, ban kuma ɓoye ba.

Kafin mu gama, kwalin ya jawo 'yan kallo. Mai Faci ya bar tayar da yake liƙa ya zo da kofin shayi a baƙin hannunsa. Mai Kanti, matar da ke sayar da kayan masarufi a ƙetaren titi, wadda bakinta ya fi almakashina kaifi, ta tsallako ta jingina da ƙofa. Ni da Na-Sani da Mai Faci muka ɗaga Sajan muka ɗora a kujerar aski. Na-Sani ya taka feda, kujera ta yi sama, Sajan ya ga wani tsohon kare a madubi yana kallonsa, ya fara gurnani.

"Gaisawa suke yi," in ji Na-Sani.

Ya naɗa masa takarda a wuya, ya yafa masa ƙyallena ya ɗaure ta baya, ya ɗauki kwalbar feshi ya fesa masa ruwa a ka, don hannunsa ya saba. Sannan ya sunkuya ya ce, "Yaya za a yi maka, yallaɓai?"

"Ya ce a kai shi asibiti," in ji Mai Kanti.

Na-Sani ya yi kamar bai ji ba. Ya ɗaga leɓen Sajan da yatsa biyu. Wallahi ban taɓa ganin irin wannan ba: gindin haƙoran duk wani abu ne ruwan ƙasa ya daskare kamar siminti, dasashin ya yi jawur. Warin kuwa ya taso ya cika shagon. Mai Faci ya ja da baya har ƙofa yana toshe hanci.

"Na taɓa buɗe tayar da ɓera ya mutu a ciki," ya ce, "ba ta kai wannan ba."

"Ni ban ji komai ba," in ji Na-Sani ta cikin takunkuminsa.

"Ai kai ba za ka ji ba," in ji Mai Kanti.

Sai ya buɗe aljihun tebur ya fito da abin da ya kwana yana ƙerawa: injin aski, ya karya kan buroshin haƙori ya ɗaure a bakinsa da salatif. Ya ɗaga shi sama kowa ya gani, ya ce irin wannan na'ura ce a asibitin, bambancin kawai fenti. Ya kunna. Injin ya yi ƙara, kan buroshin ya yi rawa sau uku, ya fizge ya tashi sama ya faɗa cikin kofin shayin Mai Faci. Sajan ya juya kai don ya ga abin da ya tashi, bakin injin kuma, da ya rage tsirara, ya bi ta gefen kansa ya share hanya tun daga kunne har kusa da ido.

Duk mai hankali a nan zai tsaya. Amma shi mai aski ba ya iya ganin kai an aske gefe ɗaya ya bar shi haka, ko da kan kare ne.

"Bari in daidaita," ya ce.

Ya share ɗaya gefen, sai ya fi na farko faɗi. Ya koma na farko ya ƙara, sai ya zarce. Ya ja baya ya kanne ido ɗaya, ya dawo ya ƙara taɓawa. Kafin ya gamsu, kan Sajan ya zama fes hagu da dama, sai wani tsiri a tsakiya ya miƙe tsaye. Karen da ya yi shekara goma sha biyu da mutuncinsa ya koma kamar wanda ƙazuwa ta ci ta rage.

Mai Kanti ta riƙe ciki. "Haƙora fa aka ce. Ko a ka suke?"

"Wa ya sani," in ji Mai Faci, yana tsamo kan buroshi daga shayinsa, "ƙila ta sama ake shiga."

Na-Sani ya fusata ya kore su, ya ce ƙwararre ba ya aiki a gaban jahilai, ya saki labulen ƙofa. Ni kaɗai ya bari, don ni ke riƙe da Sajan. Shi ya sa abin da ya faru daga nan babu wanda ya gani sai ni, kuma wannan ne ya kusa jawo kisan kai.

Ya fito da sabon buroshi da ƙaton man goge baki, irin wanda aka rubuta a jikinsa cewa ya fi kowanne kumfa.

Na ce, "Shi kare yana tofarwa?"

"Za a koya masa."

Ya cire takunkumi, ya fitar da kanumfarinsa ya ajiye, ya matsa man a buroshi ya tsaya a gaban Sajan. Ya fara goge nasa haƙoran, na gaba kawai, a hankali kamar mai taka ƙaya. "Ka gani? Sama, ƙasa. Sama, ƙasa." Kumfa ta cika masa baki ta gangaro gemu. "Sai ka tofar." Ya nemi inda zai tofar bai samu ba, ya bar ta a nan.

Sannan ya matsa kusan rabin man a wani buroshin ya cusa a bakin Sajan. Ka san karen da ya kwana da yunwa. Ya fara lasa, yana taunawa, kumfa tana tasowa ta hagu da dama tana zuba a kan furannin ƙyallena. Haƙoran gaba ya haƙura. Na-Sani ya dube ni yana washe baki cike da kumfa.

"Ina allura? Ina barci? Ka shaida, Tela."

Yana faɗin haka ya tura buroshin can ciki, ya sauka daidai kan ruɓaɓɓen turmin nan.

Kukan da Sajan ya yi har yau ina jinsa. Ya datse baki, buroshi ya karye, fiƙarsa ta yanki yatsan Na-Sani. Na-Sani ya yi tsalle ya rarumi kwalbar sifirit da yake fesa wa mutane bayan aski, ya fesa wa yatsansa, rabi ya tafi hancin Sajan. Sajan ya yi atishawa, ya banke ni, kujera ta juya da ƙarfi ta doke ni a gwiwa na kife ƙarƙashin tebur. Ina kwance na ga ƙyallena ruwan ɗorawa ya bi ta ƙasan labule ya fice.

Yanzu ka tsaya a inda Mai Kanti take ka ga abin da ta gani. An ji kare ya yi ƙara a bayan labule. Sai ga shi ya fito a guje, kai a aske, ido jawur, kumfa tana zuba daga bakinsa. Bayansa sai ga mai aski, gemu fari fat da kumfa, jini na ɗiga daga hannunsa, yana gudu yana wani irin sauti da ba magana ba.

"Mahaukacin kare!" in ji wani mai jiran mota a bakin titi.

Shi ke nan. Masu wankin mota suka yar da soso suka ɗauki duwatsu. Mai Faci ya zaro ƙarfen cire taya. Wata mata ta fito da taɓarya, wani da tsintsiyar kwakwa, wani tsoho da ba ya iya gudu ya ba jikansa sandarsa ya ce a buga sau ɗaya da sunansa. Mai Kanti ta ja ƙofar kantinta ta kira asibitin dabbobi a waya, ta ce a zo da allurar kisa. Sajan kuwa bai nufi ko'ina ba sai gida.

Na taso da ɗingishi na bi su, takalmi ɗaya a ƙafa. Kafin in isa ƙofar gidan Baba, mutum ya kai arba'in, sun yi da'ira, kowa da abin duka a hannu, amma babu wanda ya matsa. Na kutsa na ga dalili. Baba tun safe yana zaune a kujerar roba a bakin ƙofa, rediyonsa a kashe, yana sauraron takun karensa. Sajan ya zo ya shige tsakanin ƙafafunsa yana rawar jiki, Baba kuma ya sauko ƙasa ya rungume shi, ya lulluɓe shi da rigarsa.

"Baba, ka sake shi," in ji ɗaya daga masu wankin mota. "Ya haukace. Zai cije ka."

"Shekara goma sha biyu bai cije ni ba."

"Kumfa ce a bakinsa, Baba. Ba ka gani ne."

"Ba na gani," in ji Baba. "To duk wanda zai doke shi ya fara da ni. Ba zan san wanda ya yi ba, ku yi abinku."

Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, don na ga hannuwa da duwatsu suna lilo, kuma dutse ba ya tambayar wa zai samu. Na ɗaga murya na ce, "Jama'a, man goge baki ne, ina wurin." Sai wani ya ce, "Shi ma yana cikin shagon, ku duba jikinsa ko an cije shi." Na ja bakina na yi shiru. Ban ce na kyauta ba.

Nan ne Na-Sani ya iso, don ya bi ta wata hanya da ya ce ya san ta fi kusa. Yana haki, kumfa ta bushe a gemu wata sabuwa na fitowa. Da'irar ta buɗe masa da sauri fiye da yadda ake buɗe wa motar asibiti.

"Ku ga hannunsa, ya cije shi."

"Har ya kama shi? Da wuri haka?"

"Ai dama da saura-saura," in ji Mai Faci.

Wani mai gilashi, da alama ya taɓa karanta wani abu, ya ce abin da sauƙi: mai haukan kare ba ya iya shan ruwa, a ba shi ruwa a gani. Nan da nan wata maƙwabciya ta shiga gida ta fito da kofi cike da ruwan firji, har da ƙanƙara tana yawo a kai. Aka ajiye a ƙasa aka tura masa da sanda.

Na-Sani ya dubi kofin, ya dubi jama'a.

"Babu mai ɗumi?" ya ce.

"Kun ji ko? Yana kaucewa."

Ya ɗauka ya kurɓa. Ruwan ya bi ta gefen hagu. Sai ga Na-Sani ya yi wata ƙara da ta fi ta Sajan, ya yi jifa da kofi, ya dafe kunci ya durƙusa yana juyi a ƙasa. Ba a ƙara tambaya ba. Aka jefa masa bargo, maza biyar suka danne, aka ɗaure shi hannu da ƙafa da igiyar shanya. Wani ya sheƙa masa bokitin ruwa don a tabbatar, wani ya ƙara na biyu don bai ga na farko ba. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka.

Cikin wannan hayaniya sai muryar Baba ta fito, ba da ƙarfi ba.

"Ɗan nan, kai ne? Me likita ta ce?"

Shekara goma sha ɗaya ban taɓa ganin an yi wa Na-Sani tambaya ya yi shiru ba sai ranar. Yana kwance a jiƙe, ya ɗago kai. Sai ya hangi abin da na hanga: ɗaya daga masu wankin mota ya zagaya ta bayan Baba da ƙaton bulo a hannu, yana neman inda kan Sajan ya leƙo daga riga.

"Kada ka jefa," in ji Na-Sani. "Don Allah kada ka jefa. Lafiyarsa ƙalau. Ban kai shi asibiti ba, Baba. Ni na aske shi, ni na cusa masa man goge baki. Ban san komai a kan haƙorin kare ba. Ban sani ba, wallahi ban sani ba."

Mai bulo ya tsaya. Jama'a suka dubi juna. Mai Faci ya sauke ƙarfensa ya girgiza kai, har da ƙwalla.

"Ya ce bai sani ba. Allah sarki, ciwon ya kai ƙwaƙwalwa."

Allah ya taimaka, daidai nan motar asibitin dabbobi ta tsaya. Likitar ta fito, wata 'yar gajeruwar mata da farar riga da safar hannu har gwiwar hannu. Ta ce kowa ya ajiye abin da ke hannunsa, aka ajiye. Ta durƙusa gaban Baba ta ɗaga rigar, ta dubi askin, ta dubi ƙyallena, ta shinshina.

"Sajan ne wannan. Ni na yi masa rigakafin hauka da hannuna wata huɗu da suka wuce, tun ƙarfe goma kuma nake jiransa. Wane mahaukacin kare kuka taɓa ji yana ƙamshin na'a-na'a?"

Duwatsu suka fara sulalewa ƙasa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kallon wani wuri.

Ta juya kan Na-Sani. "Kai ne mai kwalin da na gani a hanya? To ka ji. Man goge bakin mutane ba na kare ba ne, ba ya tofarwa, haɗiyewa yake yi, wani ma yana da abin da ke kashe su. Abin da ke cinsa kuma yana ƙarƙashin dasashi, inda buroshi ba ya kaiwa, babu kuma karen da zai bari a taɓa nan yana ido biyu. Shi ya sa muke sa su barci."

"Likita," in ji Baba, "zai farka?"

"Baba, ba zan ce maka babu haɗari ba, shi ya sa nake gwada jini tukuna. Amma barin haƙorin nan ya fi allurar haɗari. Yau dai ba za a yi ba, sai na ga abin da ya haɗiya ya fita. Zai kwana biyu a wurina."

Baba ya daɗe yana shafa askakken kan nan kafin ya sake shi.

Ta sa aka kwance Na-Sani, ta duba yatsan ta ce ya wanke da sabulu ya je asibitin mutane a ɗaure masa. Ya buɗe baki zai ce ya sani, fuskarta na kusa da tasa, sai ta ja kai baya da sauri. Ta ciro 'yar tocila daga aljihu.

"Buɗe."

"Ai ke likitar dabbobi ce."

"Turmi turmi ne. Buɗe."

Ya buɗe a gaban mutum arba'in. Ta haska gefen hagu, ta ɗan jima, ta kashe tocilar.

"Na Sajan biyu nake zargi. Naka na ƙirga uku ban kai ƙarshe ba. Shekara nawa kana tauna ta gefe ɗaya?"

"Huɗu," in ji Mai Faci.

"Wai saboda zuciya," in ji Mai Kanti, wadda ta iso daidai lokacin da ya dace. "Gwano dai ba ya jin warin jikinsa."

Baba ya juyo da fuskarsa inda muryoyin suke. "Ashe. Duk ƙarshen mako in ya zo yi mini aski sai in ce a fitar da Sajan waje. Na zalunci kare."

Dariyar da aka yi ta kai layinmu. Kafin Na-Sani ya koma shago an riga an cire kwalin, Mai Faci ya shimfiɗa shi yana kwanciya a kai in zai shiga ƙarƙashin mota.

Abin da Malama ta faɗa wa mijinta da ta dawo ban ji ba, amma hukuncin kowa ya gani. Ranar Alhamis aka yi wa Sajan aiki, aka cire haƙori biyu, aka wanke saura, ya farka lafiya, likita ta ce ya huta mako guda a gida. A makon nan Na-Sani ne zai riƙa kai Baba bencin mai jarida. Baba ya ce hannunsa ya saba da igiya, ba ya iya riƙe kafaɗar mutum, saboda haka aka ɗaura igiyar Sajan a bel ɗin Na-Sani. Haka suka riƙa wucewa ta gabanmu kowace safiya, Mai Kanti tana tambayar Baba ko sabon yana cin abinci. Baba ya ce ci kam yana ci, sai dai bai san kwalbati ba, ga surutu.

Rana ta huɗu Baba ya aiko a ce ni da Mai Faci mu biyo su a baya, kada mu yi magana. Muka bi. Da aka zo kwanar bencin mai jarida, Baba ya ja igiya.

"Miƙe."

"Baba, ai nan ne kwanar."

"Miƙe na ce. In ka wuce gidan mai ka yi dama."

Tsohon direba ne, garin nan duk yana cikin kansa. Dama, hagu, a tsallaka titi, a hau matakala shida. Na-Sani yana gaba yana bayanin yadda aka gina unguwar, bai ɗaga kai ba sai da suka tsaya gaban wata ƙofar gilashi da aka zana ƙaton haƙori a jikinta. Ya juya zai koma, ya tarar da ni da Mai Faci mun cika matakalar. Wanzami dai ba ya son jarfa.

"Baba," ya ce, "nan ba bencin mai jarida ba ne."

"Na sani."

"Akwai masu jiran aski a shago."

"Babu."

Na-Sani ya dafe kuncinsa na hagu. Muryarsa ta yi ƙasa har sai da na matsa kafin in ji.

"Allurar nake tsoro, Baba."

"Na sani, ɗan nan." Baba ya naɗe igiyar a hannunsa sau biyu, ya laluba ya tura ƙofar. "Shiga. Zan zauna har a gama, in mayar da kai gida."